Gudu da zaɓen 'yan wasan baya: Abin da filayen Haɗejiya ke ɓoyewa

Duk wanda ya taɓa tsayawa da la'asar a bakin filin wata firamare a Haɗejiya, ko Malam Madori, ko Kafin Hausa, lokacin da ake raba yara gida biyu, ya san yadda ake rabon lamba. Yaron da ya fi kowa sauri a ba shi bakwai ko sha ɗaya. Mai wayon ƙafa ya ɗauki goma. Sai a dubi wanda ya fi kowa ƙira da faɗin ƙirji a ce masa ya koma baya ya riƙe biyar. Ba mai tambayar ko yana da gudu. Abin da ake so a wurinsa shi ne ya sa kai, ya sa ƙafa, ya narka wa ƙwallo dukan da zai mayar da ita inda ta fito. Wannan rabo na yarinta shi ke bin yaran har ƙungiyar unguwa, har gasar cin kofin ƙaramar hukuma, har ranar da za a kira su tantancewa a Dutse ko Kano, inda da yawansu ke gane cewa aikin da aka shafe shekaru ana koya musu ba shi ake nema ba.

Batun ya wuce nishaɗi. Gwamnatin Jigawa tana kashe kuɗin jama'a a kan ƙungiyar Jigawa Golden Stars, wadda ta taɓa mayar da filin wasa na Haɗejiya gidanta, ta sake hawa babbar gasar ƙasa a 2019, ta kuma sauko a 2021. 'Yan kasuwa suna ɗinka wa ƙungiyoyin unguwanni riguna, suna biyan kuɗin rajista da na mota. Iyaye suna sayar da buhunan shinkafa da riɗi domin ɗansu ya je gwaji. Idan ma'aunin da ake zaɓen ɗan baya da shi ya tsufa, to duk waɗannan kuɗaɗe suna tafiya ne a kan hajar da kasuwa ta daina tambaya.

Dokokin wasan ne suka fara kawo sauyin. A 1990 aka gyara dokar satar gida, aka ce ɗan gaban da yake kafaɗa da kafaɗa da ɗan baya na ƙarshe bai yi sata ba. A shekarar ce kuma aka umarci alƙalai su ɗaga jan kati ga duk wanda ya kayar da ɗan wasan da ya nufi raga babu kowa a gabansa. A 1992 aka hana mai tsaron gida kama ƙwallon da abokin wasansa ya mayar masa da ƙafa da gangan. Waɗannan gyare-gyare uku sun rushe mafakar ɗan baya mai nauyin jiki. A da, in aka wuce shi sai ya ja riga ko ya sa ƙafa ta baya a ba shi gargaɗi, in kuma aka matsa masa sai ya tura wa gola ya kama. Yanzu na farkon korarsa ne daga fili, na biyun kuma laifi ne.

Masu horarwa suka ɗora nasu a kai. Manyan ƙungiyoyi yanzu suna takura wa abokan hamayya tun daga bakin ragarsu, kuma hakan ba ya yiwuwa sai 'yan baya sun hauro har kusa da layin tsakiya. Tsawon cikakken fili mita 105 ne, ke nan akwai kusan mita 50 a bayansu da babu kowa sai mai tsaron gida. Lissafin mai sauƙi ne. Idan ɗan gaba yana cin mita 9 a sakan ɗaya, ɗan baya yana cin 8, bayan sakan 4 akwai tazarar mita 4 a tsakaninsu, kuma babu ƙira ko ƙarfin hali da zai cike wannan tazara.

Masu zuwa gidajen kallo sun ga fuskokin abin guda biyu. Ranar 26 ga Oktoba, 2024, Barcelona ta Hansi Flick ta je gidan Real Madrid ta ci 4-0, kuma sau 8 aka kama Kylian Mbappé da satar gida a wasan, domin 'yan bayan suna tafiya tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Shekara guda kafin nan, ranar 6 ga Nuwamba, 2023, Tottenham ta nace da wannan salo a gaban Chelsea bayan an kori 'yan wasanta biyu, kuma ɗan bayanta mafi sauri, Micky van de Ven, ya fita da ciwon cinya. Aka ci ta 4-1. Wannan Van de Ven ɗin ne ya dawo a watan Janairun 2024 aka auna shi yana gudun kilomita 37.38 a awa ɗaya a wasansu da Brentford, gudun da ya zarce na kowane ɗan wasa da aka auna a gasar Firimiya har zuwa lokacin. A lura da kyau, mai riƙe tsakiyar baya ne, wato lambar da a Haɗejiya ake bai wa ƙato.

Sai dai babu inda aka mayar da auna gudun ɗan baya sana'a kamar Amurka, a wani wasan da ba namu ba, wato zari-rugar Amurkawa da jami'o'insu suke bugawa a gaban dubban 'yan kallo (filin Jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum fiye da 100,000). A wannan wasa da hannu ake jifa da ƙwallo. Mai cafkewa yana tashi a guje ya bi hanyar da shi da mai jifa suka riga suka shirya, shi kuwa mai tsaronsa bai san hanyar ba. Yana fara wasan ne yana fuskantar abokin karawarsa, yana ja da baya, sai ya ga inda aka nufa sannan ya juya ya bi. Kullum a makare yake tashi. Shi ya sa masu farautar 'yan wasa na jami'o'i, in suka je makarantun sakandare neman masu tsaron baya da za a ba guraben karatu kyauta, cikin tambayoyinsu na farko akwai sakan nawa yaron yake yi a yadi 40, da kuma abin da ya yi a tseren mita 100 na makarantarsa. Yadin nan shi ne dai wanda masu sayar da shadda suka sani, kuma 40 ɗinsa ya kai kimanin mita 36 da rabi. A irin wannan gudu, kashi ɗaya cikin goma na sakan ya kusa yadi guda a ƙasa, yadi guda kuwa ya isa a cafke ƙwallo ko a kaɓe ta. Tun daga watan Yulin 2025 ma an yarje wa jami'o'in su biya 'yan wasansu kai tsaye, har kimanin Dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga kowace jami'a, saboda haka kuskuren zaɓe yanzu asarar tsabar kuɗi ce.

Abin da ya faru a 2022 ya isa darasi. Kowace shekara ana tara fitattun ɗaliban da suka gama wasa a jami'a a birnin Indianapolis domin ƙungiyoyin ƙwararru na NFL su auna su. A waccan shekarar Kalon Barnes na Jami'ar Baylor ya yi yadi 40 a sakan 4.23, Tariq Woolen na Jami'ar Texas da ke San Antonio ya yi 4.26. Dukansu masu tsaron baya ne, kuma Barnes ne ya fi sauri. Ƙungiyar Carolina ta ɗauki Barnes a zagaye na bakwai ta sallame shi tun kafin a fara kakar wasa. Seattle ta ɗauki Woolen a zagaye na biyar, ya cafke ƙwallon abokan hamayya sau 6 a kakarsa ta farko, babu wanda ya fi shi a gasar. Agogo ya shigar da su biyun cikin ɗaki. Abin da ya raba su bayan nan shi ne tsawon hannu, da iya juyi, da karanta abokin karawa. Amurkawan sun san haka, don haka ba su tsaya ga gudun miƙe ba, suna kuma auna gudun kai da komo da gudun zagaya alamomi uku, domin su ga yadda mutum ke taka birki ya sauya hanya.

Akwai wani abu a tarihin Woolen da ya fi shafar yaran Haɗejiya. Da ya shiga jami'a, mai cafke ƙwallo ne, wato ɗan gaba, daga baya masu horarwa suka mayar da shi baya. Haka aka yi wa Richard Sherman a Jami'ar Stanford, wanda ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu tsaron baya na zamaninsa. Haka kuma aka yi wa Noah Igbinoghene a Jami'ar Auburn, ɗan 'yan wasan guje-guje da tsalle-tsalle na Najeriya biyu, wanda mahaifiyarsa Faith Idehen tana cikin mata huɗun da suka ciyo wa ƙasar nan tagulla a tseren ba-ni-in-ba-ka na mita 100 sau huɗu a gasar Olamfik ta Barcelona a 1992. Miami ta ɗauke shi a zagayen farko a 2020, kodayake ya sha wuya kafin ya sami gindin zama, abin da ke ƙara nuna cewa gadon gudu bai ɗauke wa mutum koyon aiki ba. A can, idan aka ga yaro mai sauri, ba a ɗauka cewa gaba ce kaɗai ta dace da shi. A ƙwallon ƙafa ma an gani. Antonio Conte ya ja Victor Moses, wanda ya taso a Kaduna, daga gaba zuwa gefen baya na dama, Chelsea ta ɗauki Firimiya a 2017, kuma wannan ce kakar da ta fi kowacce kyau a rayuwarsa ta Ingila. Bayern Munich ta yi wa Alphonso Davies haka a gefen hagu ta ci Kofin Zakarun Turai a 2020.

A nan gida kuwa, ce wa yaro mai sauri ya koma baya kamar rage masa daraja ne. Kowa yana son ya zama Ahmed Musa, wanda ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010 kafin ya tafi Turai, ya kuma ci biyu a ragar Ajantina a 2014 da biyu a ragar Iceland a 2018. Ba laifi. Amma a kowace ƙungiya guraben gaba uku ne, masu nemansu kuwa sun cika fili, alhali ɗan baya mai gudu, musamman mai ƙafar hagu, haja ce da ake nema ido rufe. Zaidu Sanusi, ɗan Jihar Kebbi, ya isa misali. Lamba uku yake bugawa, gudunsa ne ya kai shi FC Porto a 2020, kuma shi ne ya taso daga baya a mintunan ƙarshe ranar 7 ga Mayu, 2022, ya ci ƙwallon da ta bai wa Porto kofin Fotugal a gidan Benfica.

Yanzu mu dawo kan ƙasar da ake buga wasan a kanta, domin a ganina nan ne tushen matsalar yake, kuma ba a cika maganarsa ba. Masarautar Haɗejiya tana da ƙananan hukumomi takwas, kuma filayenta iri biyu ne. Ta wajen Birniwa da sassan Malam Madori da Kaugama rairayi ne mai cin ƙafa. A fadamar kogin, ta Auyo da Guri da Kiri Kasamma, laka ce, wadda da damina take zama taɓo, da rani kuma ta bushe ta tsattsage. A kan rairayi ƙwallon da aka zura ta ƙasa tana mutuwa kafin ta yi nisa, mai sauri kuma ƙafarsa tana nutsewa kamar ta kowa. A kan busasshiyar laka ƙwallo tana tsalle inda ta ga dama, don haka ba mai yarda ya zura ta ƙasa, sai a riƙa ɗaga ta sama. A duka biyun, ƙaton da ya tsaya a bakin gidansa yana sa kai shi ne gwarzo, kuma 'yan kallo ba su yi ƙarya ba da suka yabe shi, domin a wannan fili ya yi aikinsa. Ranar da aka kai shi filin ciyawa mai laushi, ko na ciyawar roba da ake buga gasar ƙasa a kansa a wasu manyan birane, ƙwallo tana sulalewa kamar an shafa mata mai, sai raunin da filin gida ya shekara goma yana rufa masa ya bayyana cikin minti goma sha biyar. Shi kuma yaron da zai iya aikin ba a taɓa gwada shi a wurin ba.

Ruwa ma yana da nasa rabon. A shekarun da kogi ya yi ambaliya, kamar 2020 da 2022, filaye suna nutsewa, makarantu suna zama masaukin waɗanda ruwa ya kora, matasa kuma suna can suna cika buhunan yashi a bakin jinga. Bayan ruwa ya janye ga girbin shinkafa, ga noman rani. Watannin atisaye kaɗan ne, don haka mai horarwa ba shi da lokacin gwaje-gwaje, sai ya dogara da abin da idonsa ya saba gani.

Maganin ba ya buƙatar kwangila. Tef ɗin awon magina, da agogon da ke cikin kowace wayar hannu, da robobin ruwa huɗu a matsayin alama sun isa. Abin da ke buƙatar kulawa shi ne me za a auna da kuma yadda za a auna shi. Tseren mita 100 ba ya faɗin komai sosai game da ɗan baya, domin da wuya ya yi gudun da ya wuce mita 30 a miƙe cikin wasa. A auna mita 10 don ganin tashi, a auna mita 30 don ganin ƙurewar gudu, sannan a auna wanda ya fi su muhimmanci: yaro ya ja da baya mita 5 yana kallon mai horarwa, a nuna masa hagu ko dama da hannu, ya juya ya ci mita 20. Wanda ya kalli wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abidjan ranar 11 ga Fabrairu, 2024, ya ga dalili. Ola Aina ba mai nauyin ƙafa ba ne, amma taku biyun farko na Simon Adingra a gefen fili su ne suka buɗe hanyar ƙwallon da Sébastien Haller ya ci, Najeriya ta rasa kofin da ci 2-1. Dole kuma a yi awon a kan ƙasa ɗaya mai tauri, da safe kafin rana ta ɗaga, da mutum biyu ko uku riƙe da agogo a ɗauki tsakaici. Yatsan ɗan Adam yana yi wa mai gudu rangwame, shi ya sa a ƙa'idar masu tsere ake ƙara sakan 0.24 a kan lokacin da aka auna da hannu a gajeren zango. Lambar da aka samu a rairayin Birniwa ba a haɗa ta da wadda aka samu a filin Haɗejiya.

Wani zai ce ai Thiago Silva ya ci Kofin Zakarun Turai da Chelsea a 2021 yana da shekara 36, Pepe kuma ya buga wa Fotugal gasar Turai a 2024 yana da 41. Gaskiya ne, kuma sanin inda ƙwallo za ta faɗa yana rage wa mutum gudu. Amma su biyun nan da ƙuruciyarsu masu sauri ne, tsufa ne ya sa suka koma cin ribar ƙwarewa. Tsayuwa a gurbi da karanta wasa ana koya wa yaro su cikin shekara biyu ko uku. Gudu kuwa atisaye yana ƙara shi, amma ba ya mayar da mai nauyin ƙafa barewa.

Akwai wani tarko da zai iya lalata duk wannan awo, shi ne shekaru. Saurayi ɗan shekara 19 da aka rubuta masa 15 zai tsere wa yara na gaskiya, a ɗauke shi, bayan shekara biyu sa'o'insa na takarda su kamo shi su wuce. FIFA ta fara amfani da hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17 da Najeriya ta karɓi baƙunci a 2009, wadda Kano tana cikin biranen da aka buga ta. A 2016 'yan wasa 26 na tawagar Najeriya sun faɗi wannan gwaji gab da wasan share fage da Jamhuriyar Nijar. A matakin unguwa babu na'ura, amma akwai rajistar makarantar firamare, kuma shugaban makaranta da ya ɗauki yaro aji ɗaya ya fi takardar rantsuwa sanin shekarunsa.

Ga ɗan kasuwar da ke riƙe da ƙungiya, akwai lissafin da ya kamata ya sani. Dokar FIFA ta hana a kai yaro wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu keɓantattun halaye, ke nan shekarun da ake gina shi a gida yake yin su. Dokar kuma ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasa da ƙasa ga ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23, muddin suna da rajista kuma sunansa yana cikin kundinsu. Van de Ven ya fito ne daga ƙungiyar Volendam, ta wani ƙaramin garin masunta a Holan, kuma Tottenham ta saye shi daga Wolfsburg a 2023 a kan kimanin Yuro miliyan 40. Garin kifi kamar Haɗejiya ba shi da dalilin ganin wannan labari a matsayin na wata duniya, sai dai ƙungiyar da ba ta da rajista ba ta da rabo ko da yaronta ya kai can.

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne makarantu, domin nan ne ake da malaman motsa jiki da kundin shekaru a wuri ɗaya. Kowace shekara makarantun sakandare suna yin gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai, a tafa wa wanda ya ci mita 100, a ba shi kofi ko bokiti, shi ke nan sai baɗi. Da wuya ka ga mai horar da ƙwallo ya je wurin da littafi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejiya, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, kowacce tana da damar fitar da tawaga a gasannin manyan makarantu irin su NIPOGA da NUGA, kuma ba abin da zai hana su buɗe filayensu rana ɗaya a kowane zango domin a auna ɗalibansu da yaran makwabta, a rubuta, a ajiye. Hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha da Ma'aikatar Wasanni su tanadi fom guda ɗaya, ta yadda lambar yaron Guri da ta yaron Auyo za su zama masu kwatantuwa idan Golden Stars ta zo neman sababbin 'yan wasa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan ruwa ya janye, ƙasa ta yi tauri, kafin zafin Afrilu. Yaron da ya zo na ɗaya a mita 30 da juyi, shi za a fara tambaya ko zai yarda ya riƙe lamba uku ko biyar na kaka ɗaya, a gani.